Yadda Za Ka Tattauna da Likita Kafin Tiyatar Dajin Mafitsara

Idan an leƙa mafitsararka da na'ura, an yanko tsiron an kai ɗakin gwaji, kada ka yarda a shiga maganar cire mafitsara sai ka riƙe takardar sakamakon a hannunka, ka kuma nemi amsar tambayoyi biyu: shin dajin ya ratsa tsokar mafitsara, kuma wane iri ne?

Tambayar farko ita ce ke raba hanya. Dajin da bai kai tsoka ba, yawanci ana kankare shi ta mafitar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba, wani lokaci a riƙa zuba maganin BCG, wato rigakafin tarin fuka da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi dajin, a cikin mafitsara, dabarar da aka fara bayar da rahotonta a 1976. Wanda ya ratsa tsoka kuwa, abin da aka fi yi shi ne cire mafitsara gaba ɗaya tare da kaluluwar da ke kewaye da ita.

Tambaya ta biyu ta fi shafar mutanenmu. Akasarin binciken Turai da Amurka an yi shi ne a kan irin dajin da shan taba ke yawan haddasawa, alhali a yankunan fadama da noman rani akwai wani iri da ke biyo bayan tsargiyar da ta daɗe ba a magance ta ba. Saboda haka nake ganin alƙaluman cibiyar cututtukan mafitsara da ƙoda ta Mansura a Masar, inda ake yawan samun irin dajin tsargiya, sun fi kusa da halinmu: a rahotonta na 2008 kan mutum 2,720 da aka cire wa mafitsara, kimanin kashi 55 cikin ɗari sun kai shekara 5 ciwon bai dawo ba. A Jami'ar Kudancin Kalifoniya, rahoton 2001 kan mutum 1,054 ya nuna kashi 68. Amma matsakaicin adadi ba naka ba ne. Wanda dajinsa bai fita daga mafitsara ba ya fi wannan sa'a nesa ba kusa ba, wanda nasa ya kai kaluluwa kuma yana ƙasa da shi sosai, don haka ka roƙi likita ya faɗa maka rukunin da ka faɗa.

Daga nan ka tambayi ko za a fara da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sakawa ta jijiya. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2003 ya gano cewa waɗanda aka yi wa kemo kafin tiyata sun rayu wata 77 a tsaka-tsaki, waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai kuma wata 46. Sai dai maganin yana buƙatar lafiyayyar ƙoda, kuma hujjarsa ba ta da ƙarfi a kan irin dajin tsargiya.

Kada ka ji nauyin tambayar wahalar da ke biyo bayan aikin. A wani babban asibitin daji na birnin New York, kashi 64 na marasa lafiya sun gamu da wata matsala cikin kwana 90, yawanci tsayawar hanji ko shigar ƙwayoyin cuta. Ka tambayi sau nawa likitan ke yin wannan aiki a shekara, ka kuma nemi a tsayar da rana, domin bincike ya nuna jinkirin da ya wuce wata 3 yana ɓata sakamako, kuma a nan ne neman kuɗi da zagayen masu maganin gargajiya ke cinye lokaci.

Sai batun inda fitsari zai bi. Ko dai a yanki guntun hanji a fito da bakinsa ta fatar ciki a maƙala jaka, ko a ɗinka sabuwar mafitsara da hanji, wadda kan yi yoyo da dare kuma sai an koyi sarrafa ta. Ka sa a nuna maka jakar ka taɓa ta, a zana gurbinta kana zaune da kana tsaye don kada ta faɗa kan mazugin wando, ka bincika inda ake sayar da ita a garinku. Maganar alwala da salla kuma ka kai wa malami tun kafin a kwantar da kai, domin fiƙihu ya yi sauƙi ga mai yoyon fitsari.