Yadda Ake Haɗa Shayin Rariyar Ƙasa

Rariyar ƙasa ƙaramar ciyawa ce mai kwantawa a ƙasa, ganyenta a tsattsage, furanninta ƙanana rawaya. Danginsu ɗaya da babunaj (furen da ake shayi da shi, chamomile a Turance), masana tsirrai kuma suna kiranta Chrysanthellum. Da damina takan fito a gefen gonaki da bakin hanya a yankin Garwa har zuwa Ngaundere, a arewacin Kamaru. Masu maganin gargajiya suna ba da ita don nauyin ciki bayan cin maiƙo, da zazzaɓi, da larurar hanta. A Faransa ma ana sayar da busasshiyarta.

Da farko ka nemi wanda ya san ta ya nuna maka da hannunsa, domin ciyayi masu rawayan fure suna da yawa a daji. Ka tsinka lokacin da ta yi fure, wajen watan Agusta zuwa Satumba, da hantsi bayan raɓa ta bushe. Kada ka tumɓuke da saiwa, ka yanki sama kawai. Abin da na fi jin tsoro shi ne wadda ta tsiro kusa da gonar auduga: feshin da ake yi wa auduga yana sauka a kanta, wanki kuwa ba ya fitar da shi duka. Ka bar ta, ka ƙara gaba.

Ka ɗauraye ta, ka baza a kan tabarma mai tsabta a inuwa, inda iska ke ratsawa. Da damina wannan yana son haƙuri, sai ana juyawa kullum. Idan kara ya karye ƙas a hannu, ta bushe. In ta yi fumfuna, a zubar. A adana a kwalba mai murfi.

Wajen haɗawa, ƙaramin cokali ɗaya a kofin tafasasshen ruwa ya isa. A rufe minti 10, a tace, a sha bayan abinci, kada ya wuce kofi 2 a yini.

Mai juna biyu, da mai shayarwa, da ƙananan yara su haƙura da ita. Haka wanda aka ce yana da tsakuwa a matsarmama, ko yake kan maganin asibiti, sai ya tambayi likita. Idan kuwa ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja, don Allah a je a yi gwajin jini tukuna. Ciwon shawara, wato wannan rawayan ido, yana iya zama alamar ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a arewacin Kamaru da Cadi, kuma shayi ba ya kashe wannan ƙwayar cutar.