Yadda Ake Sauke Anka A Tobago Cays Ba Tare Da Jirgi Ya Sulale Cikin Dare Ba

Tobago Cays wasu 'yan tsibirai biyar ne da ba kowa ke zaune a cikinsu ba, a ƙasar Saint Vincent da Grenadines ta yankin Karibiyan. Duwatsun murjani na Horseshoe Reef sun tare wa huɗu daga cikinsu igiyar ruwa daga gabas, amma iska kam ba ruwanta da su, tana bugawa dare da rana. Nan sababbin shiga ke kwana ido biyu, don tsoron kada anka, wato ƙarfen da ake saukewa ƙasan teku ya riƙe jirgin ruwa, ta saki.

Da farko ka shiga tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da rana take sama. Ka tsayar da mutum a goshin jirgi ya riƙa karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, tsanwa mai haske yashi ne, inda ya yi ruwan ƙasa kuma murjani ne. Yashi kake nema. Ciyawar ƙasan ruwa ba ta riƙe anka, kuma abincin kunkurun teku ce da ke kiwo kusa da Baradal, ɗaya daga cikin tsibiran.

Ga inda na ga mutane da yawa sun ɓata lamarin, har da ni a karon farko. Sai a saki anka da sarƙa gaba ɗaya, rututu, sarƙar ta taru a kan ankar kamar tsibin shara, a kashe inji a ɗora shayi. Ba haka ake yi ba. Ka fuskanci iska, ka tsayar da jirgi cak, ka sauke anka har ta taɓa ƙasa, sannan ka riƙa sakin sarƙa a hankali yayin da iska ke tura jirgin baya. Lissafin sarƙa kuma daga goshin jirgi ake yinsa, ba daga fuskar ruwa ba. Zurfi mita 4, goshi mita 1, ka ninka sau biyar: mita 25 ke nan. Ni ba na yarda da ƙasa da haka, ko maƙwabci zai harare ni.

Daga nan ka saka ribas, ka ƙara wuta kaɗan-kaɗan na minti biyu. Ɗora tafin ƙafa a kan sarƙa. In tana karkarwa, anka na jan ƙasa ne; ɗaga ka sake, kada ka ji kunya. In ta tsaya, sa tabarau na ninƙaya ka nutsa ka gan ta da idonka ta shige yashi. Kyauta ne, kuma ya fi duk wata manhajar waya.

Sauran ba wuya. Ɗaura igiyar nailan a sarƙa don ta sha fizgar iska, kunna farar fitilar saman jirgi, ɗaure ƙaramin kwale-kwalenka da kyau. Wurin gandun ruwa ne da ake karewa, ma'aikatansa za su zo karɓar kuɗin shiga, ka tanadi canji. Ruwan sha ka ɗebo tun daga tsibirin Union Island da ke kusa, a Tobago Cays babu famfo. Kuma daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne.