Yadda ake zaɓa wa matashi babur ɗin doguwar tafiya

Akwai wani nau'in babur da samari suka ƙwallafa rai a kansa 'yan shekarun nan: dogo, mai manyan ƙafafu da gilashin tare iska, wanda ke cin kwalta ya ci burji, ya shiga yashi ya fito. Masu ƙera shi suna kiransa babur ɗin kasada. Asalinsa ba nesa da mu yake ba. Tseren Faris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ta Agadas yake ratsawa, kuma Cyril Neveu da ya lashe na farko a kan Yamaha XT500 ya yi shi. Daga baya kamfanin Yamaha ya raɗa wa babur ɗinsa sunan Ténéré, hamadar nan ta Nijar, BMW ya fito da R80 G/S a 1980, Honda kuma ya biyo baya da Africa Twin a 1988.

Matsalar ita ce, abin da yaro ke gani a waya shi ne manyan cikinsu, kuma su zai nuna maka. Idan kai ne uba, ko wa, ko kawun da aka ɗora wa sayen, ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: shekaru da lasisi

A Nijeriya sai mutum ya cika shekara 18 ake ba shi lasisin tuƙi, na babur kuwa shi ne rukunin A. Idan bai kai ba, maganar ta tsaya nan. Idan ya kai, sai ka tambaye shi wane babur ya taɓa riƙewa, kuma tsawon wane lokaci. Wanda ya shekara yana zuwa makaranta a kan Boxer ko Jincheng daban yake da wanda iyakarsa karɓar aro ranar ɗaurin aure.

Mataki na biyu: nauyi, kafin komai

A nan ne mafi yawan masu saye ke kuskure, domin girman inji suke fara tambaya. Babur ɗin daji dole ya faɗi. Gwani ma yana zubewa a yashi, balle sabon hannu. Abin tambaya shi ne: in ya faɗi a bayan gari, ba kowa kusa, yaron zai iya tayar da shi shi kaɗai?

Duba bambancin. Honda XR150L nauyinsa wajen kilo 130 ne. CRF300L ya ɗan haura 140. BMW G 310 GS da Kawasaki Versys-X 300 suna wajen 175. Royal Enfield Himalayan da Yamaha Ténéré 700 suna kusa da 200. Babban BMW R 1250 GS Adventure, wanda hotonsa ya fi yawo, kilo 268 ne, wato ya fi buhun masara biyu da rabi, tun ba a ɗaura masa kaya ba. Yaro mai kilo 60 ba shi da abin yi da wannan.

Ni a ganina, babur ɗin farko kada ya wuce kilo 180, in an samu ƙasa da 160 ya fi. Kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a takarda. A roƙi mai sayarwa a kwantar da babur ɗin a hankali a kan tabarma ko tsohuwar taya, yaron ya juya masa baya, ya kama kan babur ɗin da kariyar ɗaura kaya ta baya, ya ɗaga da ƙarfin cinyoyinsa. In ya kasa sau biyu, a duba wani.

Mataki na uku: ƙafarsa tana taɓa ƙasa?

Irin waɗannan babura dogaye ne da gangan, don kada cikinsu ya riƙa dukan dutse. Kujerar CRF300L ta kai santimita 88, ta G 310 GS 83 da rabi, ta tsohon Himalayan 80. Ya hau, sanye da takalmin da zai riƙa tuƙi da shi. In tafin ƙafa ɗaya ya zauna daram a ƙasa, ko gaban ƙafafun biyu ya taɓa sosai, to ya yi. In kuwa yana lilo da 'yan yatsu, ranar da ya tsaya a gefen kwalbati ko a gangare zai sha ƙasa. Ana iya rage soson kujera, ko a sauke babur ɗin kaɗan, amma saukewar tana rage tazararsa da ƙasa, abin da aka saye shi dominsa ke nan.

Mataki na huɗu: girman inji

Turai sun riga sun yi wannan lissafi. A can ɗan shekara 18 lasisin A2 ake ba shi, wanda bai yarda ya hau abin da ya wuce ƙarfin doki 47 ba, sai ya yi shekara biyu a kai kafin ya nemi na gaba. Mu ba mu da wannan doka, don haka kai ne za ka zama dokar. Tsakanin cc 150 zuwa 300 (cc shi ne ma'aunin girman inji) ya ishi mai farawa. 400 zuwa 500 sai wanda hannunsa ya riga ya faɗa.

In ya ce ƙarami ba ya doguwar tafiya, ka tuna masa da Kunle Adeyanju, ɗan Nijeriyar da ya taso daga Landan zuwa Legas a 2022 don yaƙi da shan inna. A kan Honda CB500X ya ratso Sahara, injin da bai kai rabin na babban BMW ba.

Mataki na biyar: wa zai gyara shi?

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci a ƙasarmu, kuma shi ne wanda masu bidiyon Turai ba za su taɓa faɗa maka ba, don ba matsalarsu ba ce. Kafin ka biya ko sisi, je wurin bakaniken da ka yarda da shi, ka ambaci sunan babur ɗin. In ya ɗaga kai yana tunani, ka shiga kasuwar kayan gyara ka nemi abu huɗu: takalmin birki, sarƙa da haƙoranta, matatar iska, da wayar kulochi. Abin da ba ka samu a rana ɗaya a cikin birni ba, ba za a same shi a Gembu ba ranar da yaro ya hau tsaunin Mambila ya lalace masa.

Sai batun mai. Sababbin babura irin su KTM 390 Adventure da G 310 GS kwamfuta ce ke fesa musu fetur. Suna tashi da wuri, suna tsimin mai, amma ba sa jure gurɓataccen fetur, kuma duk mai tafiyar ƙauye wata rana sai ya sha na 'yan bumburutu. Mai kafireta, irin XR150L ko Yamaha AG200 da ma'aikatan lafiya da malaman gona suka daɗe suna shiga ƙauyuka da shi, kowane bakanike zai kwance ya wanke a gindin bishiya. Ban ce a guji na zamani ba. In an saya, a tanadi matatar mai, a kuma san inda mai na'urar duba shi yake. Haka ƙurar hunturu: matatar iska ta soso, wadda ake wankewa a shafa mata mai a mayar, ta fi ta takarda dacewa da mu.

Af, kada a raina Boxer 150 mai manyan tayoyi. Ba shi da kwarjini a hoto, amma babu garin da ba a san cikinsa ba.

Mataki na shida: ƙafafu, birki da tanki

Ƙafar gaba mai inci 21 ta fi iya haye rami da yashi. Mai inci 19 ta fi daɗi a kwalta. In yawancin tafiyarsa kan titi ce, 19 ta wadatar. Wili mai wayoyi irin na keke yana jure duka, kuma yawanci da tiyub yake, wanda kowane mai faci zai iya da shi. Birkin ABS, mai hana taya ƙamewa in an taka da ƙarfi, yana ceton sabon hannu a kwalta. A nemi wanda ake iya kashe na bayansa in an sauka burji. Tanki kuwa ya kai kilomita 250 kafin ya nemi ƙari.

Mataki na bakwai: in na hannu ne

Yawancin waɗannan babura na hannu ake samunsu, kuma ga mai koyo hakan ma ya fi, tunda dole ya ƙuje shi. Je da bakanikenka, ba na dillali ba. Ka taɓa injin ka ji da sanyi kafin a tayar, domin mai wayo yana ɗumama shi kafin ka iso. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar yana cin baƙin mai ne. Duba ko mai yana tsatsafowa a sandunan gaba, ko haƙoran sarƙa sun lanƙwashe, ko akwai tabon walda a wuyan firam. Mai walda a wuya ya taɓa yin mummunan karo, a bar shi ko nawa aka rage. Lambar firam da ta inji su yi daidai da takardar kwastan da rasit. In babu takardu, babu ciniki.

Mataki na takwas: kuɗin da ba na babur ba

Kada kuɗin ya ƙare a kan ƙarfe. A ware na hular kwano mai rufe haɓa, wadda ke da tambarin ECE ko DOT na gaskiya (shaidar ingancin hula ta Turai ko ta Amurka), ba kwanon leburori ba. Sai safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu wadda iska ke ratsawa saboda zafinmu, da abin kare gwiwa. Shi ma babur ɗin a sa masa farantin kare cikin inji da makarin hannu. Lamba da inshora su biyo baya. Yaron da ya ce hula tana ɓata masa hoto bai isa riƙe makulli ba tukuna.

Watannin farko ya yi su kusa da gida: fili mai burji, taka birki, tafiya a hankali, tsayuwa a kan matakai, juyawa a ƙuntataccen wuri, ba goyo, ba tafiyar dare. Kafin tafiyar farko mai nisa a bincika halin hanya, domin a sassan Zamfara da Katsina, da Diffa da Tillaberi a Nijar, hukumomi sun sha hana hawan babur saboda tsaro, kuma baƙo a kan dogon babur abin tuhuma ne a shingen jami'ai. Ya tafi da abokin tafiya, takardunsa a aljihu, a gida kuma a san garin da zai kwana.