Yadda na gyara tace ruwan tankin murjanina a Jidda

Gansakuka ta rufe gilashin tankina mai lita 200, murjani mai rai da nake kiwo ya daina buɗewa, awon naitiret (sinadarin da ruɓaɓɓen datti ke bari a ruwa) ya haura 40. Ashe soson matatar ne ke tara datti yana ruɓewa a ciki. Na cire shi, na sa ƙaramin tanki a ƙasa da injin kumfa, mai kwashe ƙazanta kafin ta ruɓe. Baƙin ruwan da ke taruwa a kofinsa, warinsa kamar kwata! Na ɗauki injin da aka ce na tankin lita 400 ne, don lambar jikin kwali akwai zuzutawa. Na ƙara duwatsu masu ramuka don bakteriya masu tsabtace ruwa su samu mazauni. Ruwan famfo kuwa, sai ya bi matatar RO, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, kafin in zuba gishiri. Yanzu naitiret bai kai 10 ba.