Darasi na 7: Gudawar Yara a Lokacin Damina

A majalisar ƙofar gida bayan la'asar, ko a tsakar gida sa'ad da mata suke tsintar shinkafa, hirar 'yan shekarun nan ba ta wuce tsadar rayuwa. Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma kowa a Sakkwato ya ji a jikinsa wajen kuɗin kabu-kabu da kwanon gero da jarkar mai ga-ruwa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsadar ta shigo cikin sha'anin lafiya, domin yau magidanci sai ya daɗe yana lissafi kafin ya ce a kai yaro asibiti, ita kuwa gudawa ba ta jiran a gama lissafi.

Wata ɗaliba a ajinmu ta ba mu labarin wani dare na watan Agusta. Maigidanta ya tafi cin kasuwar Illela, wayarsa ba ta shiga, ɗanta mai wata tara kuma ya wuni yana zawo. Ta je ɗakin surukarta ta durƙusa ta ce, "Inna, yaron nan tun azahar bai yi fitsari ba." Tsohuwar ta shafa kansa ta ce, "Ki kwantar da hankalinki, 'yar nan, haƙori ne, haka ubansa ya yi." Ba ƙiyayya ta sa Inna faɗin haka ba, abin da ta taso ta tarar ke nan. Amma kafin asuba idanun yaron sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, yana kuka babu hawaye, har sai da wani maƙwabci ya ɗauke su a babur zuwa asibiti aka yi masa ƙarin ruwa.

Fitar haƙori ba ta kawo gudawa mai yawa. Abin da ke faruwa shi ne lokacin haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe, yaro yana kai duk abin da ya tsinta baki, sannan an fara ba shi kunu da ruwan randa. Da damina kuwa ruwan sama yakan kwashe ƙazantar kwata da ta masai ya kai ta rijiya, ƙudaje su yi yawa. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jiharmu tana cikin waɗanda abin ya shafa.

Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa, saboda haka aikin farko shi ne a mayar masa da abin da yake fita. Mafi inganci shi ne ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari na mai gudawa, da ake samu a asibitin sha-ka-tafi da kemis. A wanke hannu da sabulu, a juye ƙulli ɗaya gaba ɗaya cikin lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce. Wanda ba shi da ma'auni ya tuna cewa leda biyu ta fiya wata mai rubutun 50cl ita ce lita 1. Idan dare ne kuma babu ƙullin a gida, sai a ɗauki cokalin shayi a auna sukari cokali 6 da gishiri rabin cokali a zuba cikin lita 1 ɗin. Kada cokalin ya yi tozo, a shafe bakinsa da yatsa mai tsabta. A nan nake roƙon a yi hattara ƙwarai, domin gishiri idan ya yi yawa yana cutar da yaro, kuma uwa ta ɗanɗana da kanta: bai kamata ya fi hawaye gishiri ba.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, cokali-cokali, cikin haƙuri. Wanda ya fi haka a ba shi rabin kofi zuwa kofi guda. Idan ya yi amai a jira minti 10, sannan a ci gaba a hankali. Haɗin da ya kwana ya wuni, wato ya cika awa 24, a zubar da shi a yi sabo. Kada a janye masa nono, kada kuma a hana shi abinci da sunan hutar da ciki. Akwai ƙwayar zinc da ake haɗawa da ORS, ana ba da ita kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, ma'aikacin lafiya zai faɗi adadin da ya dace da shekarun yaron. Ita kuwa Flagyl da mutane suke saurin saye, ba a ba yaro sai da umarnin likita.

Akwai alamomin da idan an gan su zaman gida ya ƙare. Idan yaro ya kasa sha ko kama nono, ko ya yi laushi yana ta barci, ko aka ga jini a kashinsa, ko aka ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, ko zawon ya zo fari kamar ruwan wankin shinkafa, to a tafi asibiti mafi kusa nan take, ana tafe ana ba shi haɗin. Haka nan iyaye su duba katin riga-kafi, domin tun 2022 aka shigar da ɗigon rota, mai kare yara daga wata ƙwayar cuta da ke kawo gudawa, cikin riga-kafin jarirai, ana yin sa a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Yanzu ga maganar da na fi so magidanta su ji. Matar da muka ba da labarinta ta ga alamun tun da rana, abin da ya tsare ta shi ne rashin izinin fita da rashin kuɗin abin hawa. Izinin da za a nema da tsakar dare ya kamata a ba da shi tun ana lafiya, a gaban Inna, domin kada gobe a ce yarinya ta yi gaban kanta. Maigida ya ce, "Ko ba na nan, idan kika ga ɗaya daga cikin alamomin nan, ki ɗauki yaro ki tafi." Ya ajiye kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa a wuri ɗaya tare da katin asibiti da ƙullin ORS guda biyu, kada a taɓa su ko da cefane ya gaza.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa lambobin 1 da 6 da 10 da 24, ya rubuta a gaban kowace abin da take nufi a darasin nan, sannan ya kwafe ma'aunin sukari da gishiri da manyan baƙaƙe ya liƙa kusa da randa. Ranar aji na gaba kowa ya zo da cokalin shayin gidansa, za mu auna tare.