Darasi na 9: Ciwon kan da yake zuwa da atishawa, da yadda ake ƙirga ƙwaya

Assalamu alaikum 'yan aji, iyayena da yayyena. A buɗe littafi, a ɗauki fensir, yau ba sauri za mu yi ba.

Kashi na 1: Daga ina ciwon yake tasowa

Da yawanku kun min ƙorafin wani ciwon kai da ba kullum yake zuwa ba, amma ranar da ya zo sai mutum ya kasa fita kasuwa, goshi ya yi nauyi kamar an ɗora bulo, hanci ya toshe, ido na ruwa yana ƙaiƙayi, ga atishawa ba ƙaƙƙautawa. Likitoci suna cewa alaji. Ma'anarsa jikinka ne bai jituwa da wani abu, da ka shaƙe shi sai jiki ya ɗauke shi abokin gaba ya saki wani sinadari mai suna histamin, cikin hanci ya kumbura. Ku taɓa goshinku da yatsa, ku taɓa ƙasan ido kusa da hanci. To a cikin ƙashin nan akwai 'yan ramuka da iska ke shiga, in hanyarsu ta toshe majina ta taru, shi ne kake jin nauyin yana ƙaruwa lokacin da ka sunkuya, musamman a sujada.

A nan Legas abubuwan da ke tayar da shi ba su da wuyar samu. Funfunar da ke fitowa baƙi baƙi a bangon ɗaki da damina, ƙurar katifa da kafet, kyankyasai, gashin kyanwa, ƙurar hunturu a Disamba da Janairu, sai kuma masu tsokanar hanci irin hayaƙin janareto da maganin sauro na kunnawa da turaren wuta, eh Hajiya har turaren wuta. Akwai wani baba a ajin bara mai ɗaukar buhu a Mile 12, da muka bi ranakun ciwonsa sai muka ga duk ranar da aka sauke buhunan busasshen barkono ne. Shi ya sa nake so kowa ya ware shafi ɗaya, ranar da ciwon ya zo ka rubuta kwanan wata da abin da ka shaƙa ko ka ci. In rubutun bai zauna ba tukuna ka zana hoton abin, ba abin kunya ba ne.

Wani ciwon kuma na ɓari ɗaya ne, yana sara, da tashin zuciya, mutum ba ya son haske ko hayaniya. Wannan ciwon ɓarin kai ne, shi ma yakan toshe hanci har a ɗauka alaji ne, likita ne zai raba muku su.

Kashi na 2: Ƙirga ƙwaya

Nan ne kowa yake tuntuɓe, nan za mu daɗe. Ku ɗauko katin maganin da na ce a zo da shi, ku juya bayansa. Ku nemo kalmar nan, PARACETAMOL, wato farasitamol, ta fara da P, sanda mai ƙaramin ciki a sama. A gefenta akwai 500mg, wannan shi ne ƙarfin ƙwaya ɗaya. Ku sa yatsa a kai. Madalla.

Babban mutum yana shan ƙwaya 1 ko 2 a lokaci guda, sai ya jira aƙalla awa 4 kafin ya ƙara, kuma daga safiyar yau zuwa safiyar gobe kar ya wuce ƙwaya 8. Mu faɗa tare: 2 a lokaci guda, jira awa 4, kar a wuce 8. Wannan lissafin manya ne, ba na yara ba, mai ciwon hanta kuma sai ya tambayi likita.

Ga yadda za ku yi. Duk ƙwaya ɗaya da ka haɗiya ka ja sanda ɗaya a takarda, ka rubuta ƙarfe nawa. Ka sha 2 da ƙarfe 6 na safe, sanda biyu. Ka sha 2 da 12 na rana, sun zama huɗu. 6 na yamma, shida. 12 na dare, takwas, an rufe ke nan. Ka ja sandar kafin ka ajiye kofin ruwan, kar ka ce sai anjima, mai ciwon kai ba ya riƙe lissafi.

A sake. Ƙwaya ɗaya sanda ɗaya. Kar a wuce nawa? 8. Iya, kin samu, kar ki goge.

Yanzu ga tarkon. Panadol farasitamol ne, sunan kamfani kawai aka sa masa, kuma yawancin magungunan mura da ake saya a kemis akwai farasitamol a ciki. Saboda haka in ka sha Panadol 2, ka ɗora farasitamol 2, ka bi da maganin mura, magani ɗaya ka sha sau uku kuma hanta ce take ɗaukar nauyin, mai yiwuwa ba za ka ji komai a ranar ba, sai bayan kwana biyu ko uku ɓarnar take fitowa. Duk katin da ka ga kalmar P ɗin nan a bayansa, sandarsa ta shiga lissafi ɗaya.

Wallahi abin yana min ciwo, makon jiya na tambaya kar a wuce nawa wani ya ce min sai ciwon ya tafi. Haba malam! Sau nawa za mu faɗa? Kuna ƙirga kuɗin ciniki a Agege da Alaba Rago ba ku taɓa ɓatar da naira ɗaya ba, amma ƙwaya 8 ta gagara? Sannan masu karɓar haɗin nan da ake ƙullawa a leda babu suna babu lambar NAFDAC, ku daina, abin da ba ka karanta ba ta yaya za ka ja masa sanda? Kuma wanda yake shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana iya riƙa dawo masa da ciwon. To a sake faɗa: 2, awa 4, kar a wuce 8.

Kashi na 3: Sauƙaƙa hancin

Maganin alaji irin cetirizine ko loratadine ƙwaya 1 ce mai 10mg a rana ga babban mutum. Piriton, shi ma maganin alaji ne, yana sa barci, direba da mai keke kar su sha su hau titi. Mai olsa da mai juna biyu su guji maganin ciwon nan mai suna ibuprofen. Maganin fesawa a hanci mai buɗe shi nan take kar ya wuce kwana 3 in ba likita ya ce ba.

A tafasa ruwa rabin lita, kamar ledar fiya wata ɗaya, a bar shi ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi a shafe, a riƙa shaƙa ana fyacewa kamar a alwala. A shanya katifa a rana, a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, a sa takunkumi wajen sauke kaya, janareto ya yi nesa da taga.

Kashi na 4: Wanda ba a jira

Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya mai tsananin da ba ka taɓa ji ba, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ɓarin jiki ya mutu baki ya karkace, ko leɓe da maƙogwaro su kumbura numfashi ya yi wuya, asibiti kai tsaye, ko a kira 112 ko 767. In da zazzaɓi a yi gwajin maleriya, a kuma auna hawan jini.

Aikin gida

Rubuta PARACETAMOL sau 5. Ja sanda 8. A zo da katin magani ranar Laraba.