Yadda ake farfaɗo da zuciyar majinyaci cikin kayan kariya

Idan zuciyar majinyaci ta tsaya a ɗakin da aka killace masu zazzaɓin Lassa ko korona, ƙa'idar danna ƙirji tana nan daram: zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babban mutum, sau 100 zuwa 120 a minti, a bar ƙirji ya taso bayan kowace dannawa, kada kuma a ɗaga hannu fiye da sakan 10. Halin da mai dannawar ke ciki ne ke canzawa. Yana cikin rigar da iska ba ta ratsawa, takunkumi ya matse masa hanci, tabarau ya yi hazo, safar hannu biyu sun dakushe masa yatsu. Duk dabarar da za mu kawo a nan ta taimaka masa ce ya cika waɗancan lambobin ba tare da ya kwashi cuta ba.

Lokacin sa kaya

Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini ya daina isa gare ta, kuma sa cikakkun kayan kariya yadda ya kamata yana iya cinye mafi yawan wannan lokacin. Gaggawa a bakin ƙofa ba ta maganin wannan. Ita ce ma ke sa a yaga safa ko a manta da ɗaurin wuya. Maganin yana wajen shiri. Lokacin miƙa aiki, a faɗi sunan gadon da ake jin tsoronsa, a kuma raba aiki tun kafin komai ya faru: wane ne a ƙirji, wane ne a kai, wane ne mai allura, wane ne zai tsaya a waje yana miƙo kaya. A ajiye kayan mutum huɗu a bakin ƙofa, kowane saiti a ledarsa, an rubuta girmansa a jiki. Wanda ke ciki sanye da kaya shi ne zai fara dannawa nan take.

Irin cutar ce ke nuna abin da za a iya yi kafin a gama shiri. A 2020, ƙa'idar hukumar farfaɗo da marasa lafiya ta Turai ta yarda mutum ɗaya ya shiga da takunkumin tiyata, kariyar ido, rigar leda da safa, ya manna na'urar shokin zuciya, ya ba da shokin har sau uku idan bugun irin wanda shokin ke gyarawa ne, yayin da sauran ke sa kaya. Wannan na cutar numfashi ne. A Lassa da Ebola haɗarin yana cikin jini, amai da sauran ruwan jiki, danna ƙirji kuwa yana fitar da su ta baki da hanci. A nan ba a taɓa majinyaci sai da cikakkun kaya, komai tsananin hali. A duka biyun, kada a kai kunne bakin majinyaci don sauraren numfashi. A duba motsin ƙirji da ido, a rufe masa baki da hanci da takunkumi kafin dannawar farko.

Gajiya tana zuwa da wuri

Wannan ce babbar matsalar, kuma ita aka fi rainawa. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato, Kano da Maiduguri, cikin rigar kariya kuwa gumi ba ya bushewa, sai dai ya gangara ya taru a takalmin roba da yatsun safa. Mai dannawa yakan riƙe saurin, amma zurfin ya riƙa raguwa a hankali, sai ya fara jingina nauyinsa a kan ƙirjin, ƙirjin ya daina tasowa sosai, zuciya ta daina cika da jini tsakanin dannawa. Shi kansa ba ya ganewa. Ka tambaye shi, zai ce maka yana da sauran ƙarfi.

Saboda haka shugaban aiki ne ke yanke lokacin canji. An saba canzawa duk minti 2, lokacin duba bugun zuciya. Cikin cikakkun kaya, minti 2 shi ne iyaka. Da zarar an ga gwiwar hannu ta fara lanƙwasa ko kafaɗa ta koma baya, a canza ko da minti 1 aka yi. Mai karɓa ya tsaya a ɗaya gefen gadon, hannayensa a haɗe, a ƙirga uku ya ɗora, canjin bai kai sakan 5 ba. A sauke gadon ƙasa ko a sa ɗan matakala, a cusa allo mai tauri a bayan majinyaci, domin katifa tana shanye wani ɓangare na zurfin. Inda ake da na'urar auna iskar kabon (CO2) da ake fitarwa daga huhu, adadin da ya yi ƙasa da 10 alama ce dannawar ba ta tura jini sosai, hawansa kwatsam kuma alama ce zuciya ta tashi.

Takunkumi da tabarau

Takunkumin N95, mai tace ƙwayoyin cuta daga iska, yana aiki ne idan bakinsa ya manne da fata ko'ina. Sunkuyawa da girgizar dannawa, ga gumi, suna zame shi daga kan hanci. Kafin shiga, a matse ƙarfen hancin da yatsun hannu biyu, a rufe takunkumin da tafi a hura da ƙarfi: idan iska ta taɓa ido ko kumatu, bai zauna ba. Gemu yana hana shi mannewa, ko da ɗan toho ne a daidai inda bakinsa ke zama, don haka ma'aikaci mai gemu ya samu hular da ke da injin tace iska, in babu ita a ba shi aikin waje idan cutar ta numfashi ce. Mai hijabi ta tabbatar gefen ƙyallen bai shiga ƙarƙashin bakin takunkumin ba. Idan ya zame ana cikin aiki, kada a kai hannu fuska. A faɗa da ƙarfi, wani ya karɓa, a fita a gyara.

Hazon tabarau yawanci daga iskar da ke tserewa ta saman hanci yake, don haka shi ma gargaɗi ne. Ɗigon sabulun ruwa da aka shafa siriri a cikin gilashin, aka bari ya bushe, aka goge, yana rage shi ƙwarai.

Murya ma tana ɓacewa, kuma kowa ya yi kama da kowa. A rubuta suna da aiki da babban alƙalami a ƙirji da bayan riga. Umarni ya fito da suna, wanda aka umarta ya maimaita, kamar wajen ba da adirenalin, allurar zaburar da zuciya: "Sista, adirenalin miligiram 1." "Adirenalin miligiram 1, na ba shi." Mai riƙe agogo ya tsaya a waje inda yake ganin ciki, yana rubutawa, tunda takardar da ta shiga ɗakin ba za ta fito ba.

Hanyar numfashi da allura

Kada a matsa jakar Ambu, wadda ake hura wa majinyaci iska da ita, sai an sa matata mai tare ƙwayoyin cuta tsakaninta da abin rufe fuskar majinyaci. Mutum biyu ke wannan aiki: ɗaya ya riƙe marfin da hannu biyu don kada iska ta fita ta gefe, mai danna ƙirji ya matsa jakar sau 2 bayan dannawa 30. Sa bututun maƙogwaro na wanda ya fi kowa ƙwarewa ne, don a samu a karon farko. A dakata da dannawa daidai lokacin shigar bututun, a hura balan-balan ɗinsa kafin numfashin farko, sannan a ci gaba da numfashi 10 a minti ba tare da tsayar da dannawa ba. Hular kariya takan hana sa abin sauraren ƙirji a kunne, sai a dogara da na'urar auna iska da tashin ƙirji ta gefe biyu.

Da safa biyu, jin bugun jijiya a wuya yana da wuya, neman jijiyar sa kanula, ɗan bututun ba da magani ta jijiya, ya fi wuya. Kada laluben bugu ya wuce sakan 10. In ana shakka, a koma dannawa. In an gwada jijiya sau biyu ba a samu ba, kuma akwai allurar ƙashi, a shiga ta ƙashin ƙauri. Adirenalin miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5, a bi shi da ruwan gishiri mililita 20. Amiyodaron, maganin daidaita bugun zuciya, miligiram 300 bayan shokin na uku. A zuƙo magungunan a waje, a manna musu suna, a miƙo a tire. Akwatin zubar da allura ya kasance inda hannu ke kai wa, kuma ba a mayar wa allura marfi.

Safar roba ba ta kare mutum daga shokin. Kowa ya ɗaga hannu, a janye abin ba da oksijin mita 1 daga ƙirji, a kula da gefen rigar da ya jiƙe yana taɓa ƙarfen gado, wanda mai hula ba ya hango shi.

Cire kaya

Ko zuciya ta tashi ko Allah ya karɓi abinsa, mutane kan fito a gajiye, suna marmarin iska, a nan ne hannu ke kai wa fuska. A fita ɗaya bayan ɗaya, da mai sa ido yana karanto matakan. Safar waje da rigar leda su ne farko, a naɗe riga ta yadda cikinta zai koma waje, a tsabtace hannu bayan kowane mataki, a kama tabarau da takunkumi ta igiyar ƙeya, takunkumi ya zo kusan ƙarshe, safar ciki ta biyo shi. Ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari na tsabtace gado, ƙasa da takalmi ne, mai 0.05 na hannu. Daga bilic mai ƙarfin 3.5, awo 1 a awo 6 na ruwa yana ba da 0.5, kuma a haɗa sabo kullum, don zafi da haske suna rage masa ƙarfi. Wanda safarsa ta yage ko allura ta soke shi ya wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ya matse, ya sanar da mai kula da hana yaɗuwar cuta a wannan sa'ar. Idan Lassa ce, za a riƙa auna zafin jikinsa kullum har kwana 21.